Hoton da Baba Ya Ce An Musanya

Ƙarfe huɗu da kwata na yamma yayana ya ƙona mazarƙwaila. Na riƙe lokacin ne saboda ina zaune a ƙofar ɗaki da littafi a cinya, na ɗaga waya in ga ko zan gama babin kafin Inna ta kira ni wanke-wanke, sai ƙauri ya shigo gidan. Rumfar dahuwarmu tana bayan gari, akwai gonar maƙwabci da rijiya tsakaninta da mu, amma warin ya iso kamar a tsakar gida aka zuba sukari a wuta. Inna ta buɗe tukunyarta tana shinshinawa. Kakana, wanda kowa ke kira Malam har da 'ya'yansa, yana kan buzu yana jan carbi. Bai ko ɗaga kai ba ya ce kasko guda ya tafi.

A ƙauyenmu, kusa da Nasarawan Doya, rake ne abin yi. Idan sanyi ya shigo aka fara sara, sai a matse shi a inji, a zuba ruwan a manyan kasake, a yi ta dafawa ana kwashe kumfa har ya yi kauri, sannan a zuba a ƙananan kwanoni ya daskare. Mai dahuwa da hanci yake aiki. Akwai wani ƙamshi da ke tashi dab da lokacin saukewa, wanda ya bari ya wuce shi ya yi asara. Yaya a hannun Malam ya koya tun yana ƙarami, kuma ba a taɓa jin ya ƙona ba. Ranar kuwa yana tsaye a kan kaskon yana juyawa, sai da masu matsar rake suka yi masa tsawa daga can gefe.

Da ya dawo gida ya rantse bai ji warin komai ba. Inna ta ɗauko daddawa ta kai masa hanci, ya ce kamar dutse ta miƙo masa. Aka yi ta dariya, har shi. Washegari bai iya tashi sallar asuba ba.

Shekarar nan ce da aka rufe makarantu. Na dawo gida da akwatin littattafai da niyyar sati biyu, sai ga shi har an yi damina an girbe ina nan. Korona kuwa mun san ta a rediyo. A bakin mutanenmu cutar masu hawa jirgi ce, kuma babu wanda ya haɗa ta da cewa Yaya ya yini a kasuwar Maƙarfi ranar Laraba yana lodi tare da direbobin da suka fito daga nesa.

Ciwon Yaya mai hayaniya ne. Yana rawar ɗari gadon yana ƙara, yana nishi ana jiyo shi daga zaure, ya ce kansa zai tsage, ya ce ƙasusuwansa an daka su a turmi. Sai tari ya biyo baya, da wani ciwo a ƙirji idan ya ja numfashi. Mai kemis ya yi masa alluran zazzaɓin sauro, da ba a ga canji ba ya koma na taifot. A gidanmu ma'aunin ciwo ɗaya ne, wato bayan hannun Inna a goshi. Na Yaya kuwa ba a iya barin hannu a kai.

Malam ne ya ɗauki jinyar. Yaya takwaransa ne, sunansa aka sa masa, shi ya sa a gidan babu mai kiran ainihin sunan yaron sai laƙabi. Bayan kowace sallah Malam zai shiga ɗakin, ya sauke labule saboda sanyi, ya zauna a bakin gado ya yi masa tofi. Ɗakina yana jikin nasu, bangon kuma bai kai rufi ba, don haka ina jin komai.

Ya kamata in faɗi yadda muke da Malam. Ni ba mai magana ba ce. Ko a aji, idan na san amsa, sai in rubuta wa ta kusa da ni ta faɗa. Amma tsakanin kaka da jika akwai wasa, kuma Malam ba ya ɗaga mini ƙafa. Amarya yake kirana. Idan ya gan ni da littafi sai ya ce na yi masa yaji na tare a gidan takarda, ko ya ce zai nemo wata mai iya dama fura tunda ni sai dai in karanta yadda ake damawa. Shi kaɗai ne nake iya mayar wa da magana. Tsakaninsa da Babana kuwa akwai kunyar ɗan fari. Ba ya kiran sunansa, ba sa cin abinci wuri ɗaya, ba sa haɗa ido. Gaisuwa ce kawai da safe, Baba yana tsugune yana kallon ƙasa. Idan Malam yana da saƙo gare shi, sai ya faɗa wa wani a gabansa, ko da kuwa yana nan zaune yana ji.

Wajen sati guda da kwanciyar Yaya na fara lura da wasu abubuwa. Kwanon tuwon Malam yana dawowa an ɗan taɓa gefe kawai. Da ya dawo daga masallaci sai ya zauna a kan turmin da ke kife a tsakar gida, ya ce kaji yake kallo. Sannan tofin ya canza. Ayar da na saba jin yana kai ƙarshenta da numfashi ɗaya, sai na ji yana yanka ta, ya tsaya, ya ɗora. Wata safiya ya tambaye ni ko an shayar da doki. Dokin da ke juya injin matsa an sayar da shi tun ina firamare, lokacin da aka sayi mai amfani da gas. Da na tuna masa, sai ya ce haka ne. Kuma kwana da kwanaki na wuce ta gabansa da littafi bai tanka mini ba.

Na gaya wa Inna. Ita ba za ta iya taɓa goshin surukinta ba, sai ta tura ni. Na je da sunan kai masa ruwan ɗumi, na ce angona ya ban goshi in gani. Goshin yana da sanyi kamar randa. Inna ta yi hamdala, ta ce tsufa ne da gajiyar jinya, mu ji da wanda ke kwance.

Da aka kai Yaya asibiti a Maƙarfi, suka saurari ƙirjinsa, suka rubuta takarda cewa a je Zariya a ɗauki hoto. Malam ya ce da shi za a tafi, takwaransa ba zai shiga hannun baƙi babu babba a kusa ba. Ga bango ya faɗi maganar, amma Baba ya ji, kuma babu yadda za a yi ya musa. Ni aka ce in bi su saboda Turanci. Muka ɗauki shatar mota da hantsi, Yaya a kwance a baya kansa a cinyata, zafin jikinsa yana ratsa zanena, Baba a gefenmu, Malam a gaba ya miƙe zaune da rawaninsa.

A ƙofar asibitin aka ba mu takunkumi, aka sa muka wanke hannu, wani ya riƙa saita mana wata ƙaramar na'ura a goshi. Da ya zo kan Yaya ta yi ƙara. Malam ya wuce lafiya. Baba ya ce mini a hankali, ga shi nan, injin Bature ma ya yarda da ma'aunin Innarki.

Baranda ce doguwa kafin a kai wurin nas. Yaya a keken marasa lafiya aka tura shi, Malam ya taka da ƙafarsa. Nas ɗin ta maƙala wa Yaya wani abu kamar abin maƙale kayan shanya a yatsa, wanda ke nuna yawan iskar da ke cikin jini. Ta duba ta ce da kyau, lambar tana inda ake so. Ni kuwa Malam nake kallo a kan benci. Kafaɗunsa suna ɗagawa suna sauka, takunkumin yana shiga yana fita da sauri, amma fuskarsa a sake take kamar yana jiran a kira sallah. Na rasa yadda zan yi wa nas magana, ga Baba a tsaye. Sai na bi ta hanyar da na iya.

"Angona, kai ma miƙo yatsa a gwada ka, in ga ko da sauranka."

"Yau amarya ta yi magana a cikin mutane," in ji shi. Ya tsaya ya ja iska. "To a gwada, kada a ce na ji tsoro."

Nas ta yi dariya ta maƙala masa. Sai dariyar ta tsaya. Ta cire ta sa a wani yatsan, ta murza masa hannu, ta gwada a nata yatsan, ta sake mayar masa. Daga nan ta fita da sauri ta dawo da likita, wata mace mai matsakaicin shekaru da Hausarta ke da ɗan karin mutanen kudancin jiha. Likitar ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata, ta tambaye shi jiki. Ya ce shi ba shi ne marar lafiyan ba, rakiya ya yi. Ta ce ta sani, amma tana roƙon alfarma a ɗauki hoton nasa ƙirjin shi ma. Kafin a gama maganar an jawo tukunyar oksijin an sa masa roba a hanci.

Injin hoton, wanda suke kira siti sikan, na hango shi ta ƙofa sa'ad da ake shiga da su ɗaya bayan ɗaya. Zobe ne babba fari kamar bakin rijiya da aka tayar tsaye, da gado siriri da ke shiga cikinsa. Bayan azahar likitar ta kira mu ofis ɗinta, ni da Baba, aka turo Malam da tukunyar iskarsa. Yaya yana kwance a baranda.

Na yi shekara biyu ina zana huhu a littafin aji, ina sa masa kibiyoyi da sunaye. Ban san ban taɓa ganinsa ba sai ranar. Ta fara da na Yaya. Ta ce injin yana yanka hoton mutum ne gunduwa-gunduwa daga wuya zuwa ciki, kamar yadda ake yanka rake, sai a riƙa duba fuskar kowace gunduwa. Tana murza wani abu da yatsa, mu kuma muna nutsewa cikin ƙirjin yayana. Fili biyu baƙaƙe suka buɗe, dama da hagu, ta ce baƙin nan iska ce, shi ake so. A cikinsu farare siraran rassa suna rabuwa, kowane reshe ya sake rabuwa, har su zama kamar gashi su ɓace a bakin haƙarƙari. Zuciya tana tsakiya. Na ji tsigar jikina ta tashi. Yaron da muke faɗa a kan cajar waya, ashe da wannan bishiyar yake yawo a cikin riga, kuma ni ma haka, da Baba, da direban da ke barci a mota yana jiranmu. Na yi tasbihi a zuciya. A can ƙasa ta dama likitar ta tsaya ta nuna wani ɗan tabo guda, dishi-dishi, kamar an hura a madubi. Ana ganin rassan ta cikinsa. Ta ce shi ke nan abin da ke ƙirjinsa.

Sai ta buɗe na biyun. Tun daga sama baƙin bai kai na farko ba. Da ta gangara, farin ya fara fitowa ta gefe-gefe, dama da hagu duka, yana bin jikin haƙarƙari kamar yadda kumfa ke taruwa a bakin kasko. A wasu wuraren akwai siraran layuka a cikinsa kamar ƙasar fadama da ta tsage. Can ƙasa ta baya ya yi kauri har rassan sun nutse ba a ganinsu. Abin da ya rage baƙi tsakiya ne kawai. Na juya na kalli Malam. Da wannan ɗan wurin ya yi tafiyar barandar nan, da shi yake tofi sau biyar a rana. Yana zaune yana gyara bakin rawaninsa da robar ta tura gefe.

Likitar ta ce tana zaton korona ce a jikinsu su biyun, za a ɗauki gwaji ta hanci a tabbatar. Saurayin zai iya komawa gida ya keɓe a ɗakinsa ya sha magani. Dattijon kuwa dole ya kwana, a sashen da ba a shiga, kuma ba ta san ranar fita ba.

Baba ya gyara zama. Da ya buɗe baki, cikin ladabi ya yi magana, ya ce yana ganin an musanya hotunan. Kuma hujjarsa ba ta banza ba ce. Suna ɗaya ne a kan takardun biyu, har da sunan gari. Shekarun da aka rubuta wa Malam ƙiyasi ne magatakarda ya yi da ido, kuma wanda ya buga lamba zai iya buga ta a inda ba nan ba. Ga yaro can ko zama ba ya iyawa, jikinsa kamar garwashi, an ce ƙirjinsa fes. Ga tsoho da ya zo da ƙafarsa, goshinsa da sanyi, an ce nasa ya cika. Ya ce ko a gona, raken da ya bushe a ido shi ne mai tsutsa a ciki. A kwantar da yaron, shi zai koma da mahaifinsa gida.

Na san abin da ke ƙarƙashin maganar, don an sha yin ta a zaure. Ana cewa wanda ya rasu a irin wannan sashen ba a ba da gawarsa a yi mata wanka yadda aka saba. Baba ba zai iya barin mahaifinsa ya cika a hannun mutanen da ko fuskarsu ba a gani ba. Ni kuma na ga lambar da ta fito a yatsan nan, na ga yadda ta ɗaga da aka sa robar. A gida babu tukunyar iska. Malam ya juya fuskarsa ga bango tunda ɗan farinsa ne ke magana.

Likitar ba ta yi gardama ba. Ta ce tambayar tana kan hanya, tunda suna ɗaya ne, gara a tabbatar. Ta taɓa wani maɓalli, sai huhun ya dushe, ƙasusuwa suka fito fari tas. Ta ajiye hotunan biyu gefe da gefe. Ta nuna mana ƙashin bayan na farko, gaɓoɓinsa sumul a jere. Na biyun kowace gaɓa ta yi leɓe a gefe, wasu har sun kusa haɗewa. Ta nuna babbar jijiyar da ke fita daga zuciya, a na biyun akwai farin zobe a jikinta kamar farin da ke kama cikin butar ƙarfe, ta ce shekaru ne ke ajiye shi, ba a samunsa a ɗan ashirin da wani abu. Ban taɓa tunanin shekaru suna da siffa a ciki ba. Na ɗauka a fata da gashi suke tsayawa.

Baba ya ce shi bai san karatun ƙashi ba.

Ta ci gaba da murzawa, sai ta tsaya. A gefen hagu, haƙarƙari biyu suna da ƙulli a tsakiya, kamar gaɓar rake.

"Wannan karaya ce da ta warke tun da daɗewa," in ji ta. "A cikinsu wa ya taɓa karya haƙarƙari?"

Baba ya ce babu. Yaron a gabansa ya girma, ko targaɗe bai taɓa yi ba. Mahaifinsa kuma da ya taɓa karaya da an sani a gidan.

Sannan Malam ya yi gyaran murya, har yanzu yana fuskantar bango.

"Amarya, gaya wa likita doki ne."

Ya ba da labarin a gutsure, yana hutawa tsakani, kuma ni yake faɗa wa. Wani jan doki ne mai mugun hali da ke juya musu inji. Ya sunkuya zai gyara igiya, dokin ya harbe shi. Lokacin kakata tana da tsohon ciki, na farko, ga rake an sare yana jiran matsa. Ya je wurin maɗori a wani ƙauye ta wajen Ikara inda ba a san shi ba, aka ɗaure masa ƙirji da rawani, ya dawo ya ci gaba da dahuwa. Ko ita bai gaya wa ba sai bayan suna. Ya ce bai zaci akwai ranar da wani zai leƙa ya gani ba.

Baba ya matso kusa da kwamfutar. Ya daɗe yana kallon ƙullin nan biyu. Shi ne cikin da ake magana, karayar sa'arsa ce, kuma duk tsawon rayuwarsa bai taɓa ganin mahaifinsa ba riga ba. Na ga ya ɗaga yatsa kamar zai taɓa gilashin, sai ya mayar da hannun aljihu. Da ya juyo, ni ya kalla.

"Tambaye shi ko a kawo masa buzunsa da butarsa."

Malam ya ce a kawo, da ƙaramin Alƙur'aninsa mai jakar fata.

Gwajin ya fito bayan 'yan kwanaki, ya tabbatar da zaton likita a kan su biyun. Mu kuma aka ce mu zauna a gida. Maƙwabta suka riƙa gaishe mu ta kan katanga, wasu suka daina aiko yara ɗibar wuta. Zazzaɓin Yaya ya sauka da kansa, ya fara neman abinci kamar wanda ya dawo daga tafiya, sai dai ya jima yana cewa komai ɗanɗanon kara gare shi. Malam kuwa sai da abin ya ƙara tsanani kafin ya juyo. Akwai ranakun da nas za ta kara masa waya a kunne, ba ma jin komai sai hucin iska, Baba yana tsugune a gaban wayar kamar yadda yake tsugunawa da safe. Sun ce suna kwantar da shi rub da ciki don bayan huhun ya samu sarari. Ranar da ya ce a gaya wa amarya furar asibiti ta fi tata, Inna ta shiga ɗaki ta yi kuka.

A zaman nan na karanta duk abin da wayata ta iya buɗewa. Na ga ashe ba a kanmu aka fara ba. Matasa sukan zo da zazzaɓi da ciwon kai da ɗaukewar ƙamshi, hotonsu kuma sau da yawa da sauƙi. Tsofaffi kuwa wani lokaci ba sa zafi, sai kasala da ƙin abinci da ɗan ruɗewa, alhali farin ya kama ɓangarori biyu. Zazzaɓi, in ji abin da na karanta, jiki ne ke tayar da shi don ya yi faɗa, kuma jikin da ya tsufa ba ya saurin tayarwa. Na fahimci wannan a kai. Amma idan na tuna ɗaki ɗaya suka zauna, iska ɗaya suka shaƙa, cuta ɗaya ce ta shiga mai suna ɗaya sau biyu ta yi aiki iri biyu, sai in ajiye wayar. Inna ta ce ikon Allah ne, kuma ban ga inda maganarta ta saɓa da abin da na karanta ba.

Malam ya dawo gida an kusa gama matsar rake. Ya rame, rigunansa sun yi masa yawa, amma bakinsa ya dawo. Abu ɗaya ne ya dame shi, bai kuma faɗa wa kowa ba sai ni. Ba ya iya sallah a tsaye. Idan ya yi ruku'u ya ɗago sai numfashi ya ƙwace masa, dole ya zauna. Mutumin da ya yi shekaru a sahun farko, sai ga shi a ƙarshen sahu a jikin bango. Ya ce mini yana jin kunyar Ubangijinsa kamar baƙon da aka shigo gaishe shi ya kasa tashi.

Farkon damina muka koma Zariya a sake hoto, mu uku, ni da Baba da Malam. Likitar nan ce dai. Ta ajiye tsohon hoton da sabon. Kumfar nan ta janye, baƙi ya dawo a wurare da yawa, har na ga rassan da suka nutse sun sake fitowa, kuma na sake jin abin da na ji a karon farko. Amma a ƙasa, ta baya, akwai farare zare-zare da suka rage a kwance, kamar tuƙar rake. Ta ce tabo ne. Na tambaye ta na Yaya fa, a ƙaramar murya. Ta ce ba sai an sake ɗauka ba, irin nasa a shekarunsa yakan goge.

Ta tambaya ko akwai mai sauran magana. Baba ya kalli ƙasa. Malam ya kalli bango. Na san tambayar da ke bakin kowannensu, kuma na san babu wanda zai yi ta a gaban ɗayan. Ta fara haɗa takardu. Sai na ce, likita, don Allah, zai sake yin sallah a tsaye?

Ta ajiye takardun. Ta dubi hoton, ta dubi Malam, sannan ta dawo kaina.

"Ban sani ba tabbas, ƙanwata. Cutar sabuwa ce, mu ma a kan irinsu Malam muke koyo. Zaren nan ba lallai ya tafi duka ba, amma huhun da ya rage masa yana da yawa, kuma na tsoho ma yana ƙara ƙarfi, sai dai ba ya son gaggawa. Ki riƙa fita da shi kowace safiya, yau ku kai bakin ƙofa, gobe ku ɗan wuce. Sallah kuma ya fara da raka'a ɗaya a tsaye, sauran a zaune, kada ya ƙara sai ɗayar ta daina sa shi haki. Idan kun dawo bayan girbi, ki gaya mini raka'a nawa ya kai."